Baƙin Dutsen Delmar Pruitt

Ba son 'yan'uwantaka ne ya kai Delmar Pruitt ƙungiyar Jan Gida ba. Yana da 'yan'uwa bakwai a gonar ubansa, kuma sun ishe shi. Neman wurin kwana ne ya kai shi.

A shekarar 1946, da aka gama yaƙi, gwamnati ta ce duk sojan da ya dawo da ransa yana son karatu, ya je, ita za ta ɗauki nauyi. Jami'ar Carrow, can ƙasan jihar Indiana, wadda tun da coci ta kafa ta ba ta taɓa tara ɗalibai ɗari shida ba, sai ta wayi gari da dubu da ɗari biyu. Aka rasa inda za a zuba su. Aka jera gadajen soja a zauren ƙwallon kwando, mutum tamanin, kowa da akwatinsa a ƙarƙashin gado. Delmar ya samu nasa daidai gindin kwandon. Shekarunsa ashirin da shida, ya yi uku a Italiya, ya dawo da igiyar saje. Ya ce ya kwana a wuraren da suka fi nan muni, sai dai a can ba a zuwa da ƙarfe shida na safe a ce ka janye gadonka za a yi atisaye.

Jan Gida yana ƙarshen titin jami'a, bene hawa uku na jan bulo. A saman ƙofarsa akwai haruffan Girka guda uku na tagulla, sunan ƙungiyar ke nan, amma mutanen gari ba su taɓa wahalar da kansu wajen karanta su ba. Irin waɗannan gidaje biyar ne a Carrow, kowanne da samarinsa, da sirrinsa, da tabbacin cewa shi ne na ɗaya. Yaƙi ya kwashe musu mutane, don haka a wannan kaka Jan Gida na neman sababbi ido rufe. Suka gayyaci Delmar cin abincin yamma.

Wanda aka ɗora wa horon sababbi shi ne Royce Aldridge, ɗan shekara goma sha tara, ɗan wani dillalin motoci. Yana aske gemu sau biyu a mako, alhali sau ɗaya ma alfarma ce. Bayan an ci nama da dankali, ya jingina da kujera ya dubi Delmar.

"To, Malam Pruitt, me ya ja hankalinka zuwa ƙungiyarmu?"

"An ce kuna da ruwan zafi."

Duk teburin ya kwashe da dariya. Suka ce wannan mutum akwai barkwanci, a ɗauke shi. Delmar bai ga abin dariya ba, amma ya ga gadon, a hawa na uku kusa da taga, ya kuma taɓa famfon.

Kafin a zama cikakken ɗan'uwa sai an yi wata biyar ana gwaji. A wannan lokaci sunanka Tsutsa. Ta ƙofar baya za ka shiga. Kai ne shara, kai ne goge takalman 'yan'uwa, kai ne kwashe ƙanƙara daga bakin ƙofa, kuma in wayar gidan ta yi ƙara sau uku ba ka ɗauka ba, ka yi laifi. Duk ɗan'uwan da ya yi maka magana sai ka ce masa yallaɓai. Tsutsotsi goma sha ɗaya aka ɗauka a shekarar, goma daga cikinsu 'yan shekara sha takwas. Delmar bai taɓa gunaguni ba. Soja ya riga ya koya masa cewa yallaɓai kalma ce kawai, ba ta rage wa mai faɗarta komai, ba ta kuma ƙara wa mai jin ta. A bayan ido samarin suna ce masa Tsoho. A gaban ido ma daga baya haka suka riƙa cewa.

Wata Asabar da rana waya ta yi ƙara sau biyar. Delmar yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kansa cikin tukunyar ɗumama gidan, wadda tun kafin yaƙi take tari kamar tsohon jaki. Royce ya tara kowa a falo, ya sauko da wani faffaɗan katako mai mariƙi da ake ratayewa a bango don dukan Tsutsotsi, ya sa aka kirawo Delmar.

"Tsutsa Pruitt, sunkuya."

Delmar ya goge hannunsa da tsumma, ya kama gwiwoyinsa. Sai ya ɗan waiwayo.

"Yallaɓai, in ba damuwa, a yi ta hagu."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa, yallaɓai. Dama akwai guntun ƙarfen Jamusawa ta dama, likita ya ce kada a matsar da shi."

Royce ya tsaya da katako a sama, ya dubi wannan, ya dubi wancan, babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Can dai ya sauke shi a hankali, kamar mai karkaɗe ƙura daga matashi.

"Yallaɓai, in ƙirga wannan, ko gwaji ne?"

"Tashi ka ba ni wuri."

Gidan yana da dattijuwa mai kula da shi, Opal Vance, matar wani fasto da ya rasu. Kowa Mama yake ce mata. Ita ke shugabantar teburin cin abinci, ita ke duba wanda ya zo ba laktaye, ita ke koya wa 'ya'yan manoma wane cokali ake fara ɗauka. Tun ranar da Delmar ya gyara tukunyar, ɗakinta ya yi ɗumi karo na farko cikin shekara shida, yankan kek ɗin tuffa na Delmar ya fi na kowa faɗi, kuma ba wanda ya isa ya yi magana.

A makon ƙarshe na gwaji, wanda ake kira makon wuta, Royce ya miƙa masa bandar kifi guda, ya ce ya auno tsawon titin jami'a da shi, daga ƙofar Jan Gida har hasumiyar agogo. Ana so ne a ga ƙato yana rarrafe a titi 'yanmata na kallo. Delmar ya auna kifin da rula, ya taka zuwa ofishin hukumar gari ya tambayi tsawon titin, ya zauna ya raba. Kafin azahar ya dawo.

"Kifi dubu huɗu da ɗari da sha biyu, yallaɓai, da kai ɗaya."

"Ina kifin?"

"Ba a ce in dawo da shi ba, yallaɓai."

Aka rantsar da su wata Lahadi a ɗakin ƙasa, da kyandir da dogayen riguna. Aka koya musu gaisuwar hannu ta sirri da kalmar sirri. Delmar bai taɓa faɗa wa kowa kalmar ba har ya mutu. Matarsa ta ce mantawa ya yi.

Abin da bai yi tsammani ba shi ne, gidan ya shiga ransa. A zauren ƙwallo, cikin tsofaffin sojoji, kullum sai wani ya zabura cikin barci yana kiran sunan wanda ba ya duniya. A Jan Gida minshari kawai ake yi. Yaran nan ba su taɓa ganin gawa ba, babban tashin hankalinsu shi ne wace yarinya za ta amsa gayyatar rawa. Suna jifan juna da burodi in Mama ta juya baya. Delmar yakan zauna a tsakiyar hayaniyar yana cin abincinsa, bai cika cewa komai ba, amma a nan ne hannunsa ya daina rawa in ya ɗauki kofin kofi.

A zauren ƙwallo, mai gadon da ke kusa da nasa wani ne Kazuo Morioka, ana ce masa Kaz. A Oregon aka haife shi, iyayensa ne suka zo daga Japan. Da yaƙi ya tashi aka kwashe su duka daga gonarsu aka kai wani sansani bayan waya mai ƙaya, daga can ne Kaz ya shiga soja aka tura shi Italiya. Wata rana su biyun suka gano ashe a kan dutse ɗaya suka yi yaƙi, a watan Oktoba ɗaya. Ba su sake tayar da zancen ba. Abotarsu ita ce su zauna a matakalar ɗakin karatu bayan darasi, su sha taba, wani lokaci ɗaya ya ce za a yi ruwa.

A shekara ta biyu an mayar da Kaz wata rumfar kwano bayan filin wasa, su goma sha shida. Ranar Laraba ake kawo baƙi cin abinci a Jan Gida, sai Delmar ya zo da shi. Kaz ya ja wa Mama kujera, ya ɗauki cokalin da ya dace, bayan abinci kuma ya zauna karta ya wanke su tas. Ya dawo Larabar gaba, da ta gabanta. Samarin suka saba da shi, har ana rigimar wanda zai zama abokin wasansa.

Ranar Litinin bayan abincin yamma ake taron 'yan'uwa. Royce ya zama shugaba a lokacin. Delmar, wanda bai taɓa buɗe baki a taro ba sai kan maganar kwal, baƙin gawayin da ake zuba wa tukunyar ɗumama gidan, ya ɗaga hannu ya ce yana gabatar da sunan Kazuo Morioka.

Royce ya yi gyaran murya, ya buɗe kundin ƙungiya.

"Tsoho, ka san shafi na huɗu. Sai Kirista, farar fata."

"Kirista ne. Ya fi ka zuwa coci."

"Farar fatar fa?"

"Ka jera hannunka da nasa, mu gani. Kai da ka yini a bakin tafki duk bazara."

Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Royce ya ce to a kawo akwati. Akwatin ƙuri'a na katako ne, da rufi, mutum ya zura hannu ba a ganin abin da ya ɗauka. A ciki akwai 'yan duwatsu masu santsi, farare da baƙaƙe. Fari ya yarda, baƙi bai yarda ba, kuma baƙi ɗaya tak ya isa ya rufe ƙofa. Da aka jawo aljihun akwatin, farare talatin da ɗaya, baƙaƙe biyu. Har yau ba a san masu su ba.

Delmar ya dubi duwatsun, ya ce, "To."

Litinin ta gaba aka kawo sunan wani ƙaton yaro, gwanin ƙwallo, wanda gidaje biyar ke rububinsa. Aka jawo aljihu, ga baƙi ɗaya. Ana ta kallon-kallo, sai Delmar ya ce, "Kada ku zargi juna, ni ne." Aka kawo suna na biyu, baƙi ɗaya. Na uku ma haka. A wannan zama sunaye tara suka faɗi.

Mako biyu bayan haka aka kawo sunan Glenn Aldridge, shi ma baƙi ɗaya. Royce ya miƙe tsaye.

"Tsoho, ƙanena ne fa! Uwa ɗaya uba ɗaya!"

"Na sani. Yaron kirki ne, ya fi ka natsuwa."

"To don me?"

"Shafi na tara. Ba a tambayar ɗan'uwa dalilin ƙuri'arsa."

"Ka haddace kundin ne?"

"Kai ka sa na haddace shi, yallaɓai."

Suka yi shawarar korarsa. Kundin ya ce sai kashi biyu cikin uku sun yarda, ga shi Nuwamba ta kama, kuma babu mahaluƙin da ya san kan tukunyar ɗumama gidan sai shi. Aka bar wannan. Wani mai wayo ya kwashe baƙaƙen duwatsun ya ɓoye. Da aka jawo aljihu a wannan Litinin ɗin, sai ga guntun kwal zaune a cikin fararen. Aka yi awa guda ana gardama ko kwal dutse ne. Wani ɗalibin kimiyyar ƙasa, da gaskiyarsa, ya ce dutse ne.

Haka aka shiga hunturu babu Tsutsa ko ɗaya a Jan Gida. Sauran gidaje huɗu suka kwashe sababbin shekarar. Sai a lokacin 'yan'uwa suka gano ashe takalmi ba ya goge kansa. Waya ta yi ta ƙara sau goma, sau ashirin, kowa na jiran wani ya tashi, har 'yanmata suka gaji suka koma kiran wasu gidajen. A shekarar an yi ƙanƙarar da tsofaffin gari suka ce rabonsu da irinta tun suna yara. Aka yi jadawalin kwasar ƙanƙara, kuma mutanen titin jami'a suka ga abin da ba su taɓa gani ba: shugaban Jan Gida da shebur, hancinsa na yoyo.

Royce ya samu Mama a kicin.

"Mama, ki yi masa magana mana. Maganarki kaɗai yake ji."

"A kan me, ɗana?"

"A kan abin da yake yi mana a taro."

"Ai ni ban san abin da kuke yi a ƙasan nan ba, an ce sirri ne. Ka manta matakalar baya, jiya saura kaɗan mai madara ya karye."

Kada a ɗauka abin ya zo wa Delmar da sauƙi. Wata uku ba mai yi masa magana a gidan. In ya shigo falo sai hira ta mutu. A tebur, wanda ke kusa da shi ya gwammace ya ci abinci lami da ya ce miƙo gishiri. Delmar yakan miƙa gishirin ba a tambaya ba. Ya yi zaton shi mutum ne mai son shiru, sai da shirun ya zo ya gane ba haka ba ne. Ya rame, har Mama ta ƙara faɗin kek ɗin. Da hutun Kirsimeti ya je gona, uwarsa ta tambaye shi ko ciwon ne ya tashi, ya ce a'a, karatu ne. Ya dawo ranar Lahadi, Litinin ya sake saka baƙi.

A tsakiyar Fabrairu, bayan kwana huɗu ana zuba ƙanƙara ba tsayawa, Royce ya buɗe taro da hannuwa duk kantar shebur. Bai dubi kowa ba ya ce shi da kansa yana sake gabatar da sunan Kazuo Morioka, kuma duk wanda ya saka baƙi, ko ba a san shi ba, Allah ya san shi. Aka zagaya da akwati. Farare talatin da uku. Magatakarda ya rubuta a littafin taro da tawada.

Washegari da la'asar mutum shida, har da Delmar, suka sa kwat da laktaye, Royce a gaba da bajon ƙungiya a cikin ɗan akwati, suka keta filin wasa zuwa rumfar kwano. Suka tarar da Kaz yana wanke safa a bokiti. Royce ya yi jawabin da ya kwana biyu yana shiryawa, har da maganar sabon zamani. Kaz ya saurara har ƙarshe, yana riƙe da safa ɗaya.

"Na gode ƙwarai," ya ce. "Amma ba na so."

"Ba ka... me?"

"Wa ya ce muku ina so?"

Mutum biyar suka juya suka dubi Delmar.

Delmar ya sosa ƙeya. "Ban tambaye shi ba."

"Wata huɗu," in ji Royce. "Wata huɗu, Tsoho. Dubi hannuna."

"Ku yi haƙuri," in ji Kaz. "Na taɓa zama mu talatin a ɗaki ɗaya, na san daɗinsa. Mai kantin magani ya ba ni ɗaki a saman shagonsa daga farkon wata. Ni kaɗai, kuma makullin ta ciki yake. Amma in har yanzu ana kek ɗin tuffa ranar Laraba, zan zo."

Suka juya suka tafi a jere, sai Delmar ya tsaya. Kaz ya matse safar ya shanya a igiya, sannan ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Tun Oktoba duk inda na shiga a garin nan sai an nuna ni. Mai aski ya ce shi yana bayana. Wani kuma ya tofa yawu a gabana a gidan waya. Ni ban san ma me ake ciki ba sai da mai wanke kwanuka ya gaya mini."

"Na ɗauka gyara nake yi."

"Da sunana."

"Da sunanka. Na yi kuskure, Kaz."

"Ka yi." Ya goge hannu a wando. "Kana da ashana?"

Suka zauna a bakin rumfar suka sha taba. Delmar ya ce daga baya, a duk abin da ya same shi a Carrow, wannan ne kaɗai ya hana shi cin abinci.

Labari ya riga ya kai babbar hedikwatar ƙungiyar. A watan Maris suka turo wani Mista Coyle, mutum mai laushin murya da jakar fata. Ya ci abinci, ya yaba wa Mama, sannan aka sauka taro. Ya ce shi ma ya yi ƙuruciya, ya san zafin kai. Tun da yaron bai karɓa ba, ai ba a yi komai ba. A yage shafin nan daga littafin taro, shi ke nan, shi bai gani ba, hedikwata ba ta ji ba. In kuwa aka ƙi, to dole ya tafi da sunan ƙungiya.

Kowa ya dubi Delmar. Delmar yana kallon ƙasa, don ya riga ya yanke cewa ya yi maganar da ta ishe shi a shekarar. Sai Royce ya jawo littafin ya dafe shi da hannu.

"Ranka ya daɗe, wata huɗu na yi ina kwasar ƙanƙara kafin a rubuta layin nan. Ba mai yage shi."

"Ɗana, mahaifinka ɗan ƙungiyar nan ne. Na san shi."

"Shi Tsutsotsi suka kwashe masa tasa ƙanƙarar."

Da safe aka jingina tsani a ƙofa. Mista Coyle bai zo da sukundireba ba, kuma duk gidan mutum ɗaya ne ke da ita. Delmar ya hau ya kwance haruffan uku, ya miƙo su ɗaya bayan ɗaya. Ba su shiga jakar fatar ba, sai Mama ta ba da buhun dankali, ta ce in ya isa ya aiko mata da abinta. Gidan ya ci gaba da zama Jan Gida, kuma sai da aka yi wajen wata biyu kafin wani a gari ya lura an cire wani abu.

A Litinin ta gaba aka ɗauki Tsutsotsi goma sha biyu a zama ɗaya, Glenn na farko. Kaz ya ci gaba da zuwa ranar Laraba har ya gama karatu, ta ƙofar gaba, ba mai ce masa ya goge komai. Samarin suka ce duk gidan shi ya fi kowa wayo.

Delmar ya gama a 1950. A shekarar ya auri Lorene, wadda ke aiki a ofishin haɗa waya na gari, wadda kuma ta san labarin gaba ɗaya tun kafin su haɗu, don a Carrow ba a yin waya ba ta ji ba. Ya samu aikin koyar da noma a wata sakandare, mil ashirin daga jami'ar, ya yi shekara talatin da ɗaya a aji ɗaya. Suka haifi mata uku. Ɗalibansa suna tuna shi da abu biyu: ya iya duba haƙorin saniya ya faɗi shekarunta, kuma bai taɓa ɗaga murya ba.

Royce ya gaji kamfanin motocin ubansa, ya yi tumbi, ya zama mai jawabi a duk taron tsofaffin ɗalibai. Kowace shekara sai ya ba da labarin yadda Jan Gida ya tsaya wa gaskiya, kuma kowace shekara rawar da ya taka tana ƙara girma, ƙanƙarar tana ƙara tsawo. Delmar yakan zauna a baya da farantinsa. In aka tambaye shi ko haka aka yi, sai ya ce, "Ƙanƙarar dai an yi ta."

Kaz ya koma Oregon ya buɗe kantin magani. Duk Disamba yakan aiko da kwalin 'ya'yan itace daga gonar ƙanwarsa, da kati mai layi biyu. Delmar yakan mayar da kati mai layi ɗaya. Da Kaz ya rasu a 1979, Delmar ya shiga jirgin sama karo na farko a rayuwarsa don ya je jana'iza. Ya dawo ya gaya wa Lorene cewa coci ta cika har waje, kuma matar Kaz ta san sunansa. Daga nan ya fita lambu ya daɗe.

Bayan ya yi ritaya lambun ne ya zama aikinsa. Kunnensa ya yi nauyi, abin da Lorene ta ce bai canza komai ba a zamansu. Wata safiya a Afrilun 1988 yana dasa albasa, sai ya kife bokiti ya zauna a kai, ya jingina da shinge. Lorene ta hango shi ta tagar kicin. Shekara talatin da takwas ba ta taɓa ganin ya zauna a tsakiyar aiki ba, sai ta ji daɗi, ta ce bari ta ƙyale shi ya huta. Sai da ta gama wanke-wanke ta kai masa kofi, ta tarar ya riga ya cika.

Tsofaffi shida daga Jan Gida ne suka ɗauki akwatin gawar, Royce a gaba ta dama, Glenn a bayansa. Sun ƙi yarda ma'aikatan jana'iza su taimaka. Maƙabartar cocin kuwa a kan tudu take, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu ya kusa sittin. Ba su kai rabi ba suka sauke shi a kan ciyawa, suna haki. Suka sake ɗauka, suka yi taku ashirin, suka sake saukewa. Fasto yana can sama yana jira da littafi a buɗe. Royce ya cire hula yana fifita, ya fara ba Lorene haƙuri.

"Ku huta abinku," ta ce. "Ba inda za shi."